Yadda za ka gano ƙananan faɗa-wuta masu rayuwa a cikin jiji da aya

Duk wanda ya taɓa riƙe hauya a garkar Jiratawa ko a fadamar Gulbin Maradi ya san jiji, wanda wasu ke ce wa aya-aya. Ka nome shi yau, kafin kwana uku ya sake leƙowa kamar ba a taɓa shi ba. Wata safiya cikin watan Agusta ina taya ƙanen mahaifina cire shi daga fangalin tattasai, sai idona ya kai kan wasu tsirrai da ganyensu na tsakiya ya yi rawaya ya bushe, alhali na gefe kore shar. Na ja guda, ya zare ba gardama, gindinsa a ruɓe. Na ce, "Baba, me ke kashe wannan?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ko mene ne, Allah ya ƙara masa ƙarfi."

Na tsaga karan da reza, sai ga ƴar tsutsa kwance cikin ramin da ta ci, kanta baƙi. Na kai ta gida tare da karan, na sa a kwalba. Bayan kamar mako biyu na tarar da ƴar faɗa-wuta mai launin tattaka liƙe a jikin ƙyallen da na rufe kwalbar da shi, tsawonta bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Yawancinmu faɗa-wuta ɗaya muka sani, wadda ke zagaya fitila da dare har ta ƙone. Waɗannan ƙanana kuwa, mai jiran su a gindin fitila zai daɗe bai san komai game da su ba. Ta wajen ciyawar da suke ci ake isa gare su.

Ƴar Turai da ta nuna mana hanya

Kafin mu shiga fadama, bari in ba ka labarin wata daga cikin dangin, domin an bi rayuwarta daga ƙwai har girma, kuma ita ce ma'aunin da nake gwada sauran da shi. Sunanta na kimiyya Glyphipterix forsterella. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Fabricius, shi ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1781. Tana zaune a yawancin ƙasashen Turai, a cikin dazuzzuka masu damshi, gefen ƴan hanyoyin daji da bakin ƙoramu. In ta buɗe fikafikanta duka biyu, faɗinsu kusan santimita 1 ne. Launinta ƙasa-ƙasa mai duhu da ɗan sheƙi, da gajerun fararen zane a jere a gefen fiffike, da wani farin lanƙwasa kamar jinjirin wata a tsakiya. A can ƙarshen fiffiken akwai baƙin ɗigo, a cikin baƙin kuma wani ɗan ɗigo mai ƙyalli kamar azurfa. Da wannan ɗigon cikin ɗigo ake bambanta ta da ƴan uwanta na kusa.

Da rana take tashi, a watannin Mayu da Yuni, kuma ba ta nisa da ciyawarta. Ciyawar ita ce Carex, musamman irin da ake kira Carex remota da Carex vulpina. Uwar tana saka ƙwai a kan furen, tsutsar ta shiga cikin ƴaƴan ciyawar tana ci, sanyin hunturu ya riske ta a nan cikin busasshen kan, ta kwanta har bazara, sannan ta rikiɗe ta fito. Zagaye ɗaya ke nan a shekara. Wata ɗabi'a da dukan danginta ke da ita, in sun sauka kan ganye sai su riƙa ɗaga fikafikai suna saukewa a hankali, kamar mai yi wa kansa fifita.

Wannan ƴar Turai ce, ba za ka gan ta a Madarunfa ba, don Carex ciyawar ƙasashen sanyi ce da kan manyan duwatsu. Amma Carex da ayarmu gida ɗaya suka fito, gidan da masana ke kira Cyperaceae. Aya, jiji, kajiji, gemun kwaɗo, duk ƴan wannan gida ne. A Amurka ta Arewa ma akwai ƴar uwar forsterella ta jini, mai suna impigritella, wadda tsutsarta ke huda karan aya, wato ainihin Cyperus esculentus da muke nomawa a Agiye da Cadawa, duk da yake su can ciyawa suka ɗauke ta. Akwai kuma wani dangi daban, Bactra, da ke bazu a Afirka da Asiya da kudancin Turai, tsutsarsu ita ma karan jiji da ire-irensa take shiga. Ke nan darasi biyu muka ɗauko daga Turai: ka duba kan ciyawar, ka duba cikin karanta, kuma kada ka jefar da busasshiya.

Mataki na farko: san ciyawar

Ka tsinko karan da ke ɗauke da fure ka murza shi tsakanin yatsu. In ya mirgina sumul, kuma yana da gaɓoɓi irin na gero, wannan ciyawa ce ta dangin hatsi, bar ta. In ka ji kusurwa uku suna tokarin yatsanka, babu gaɓa, cikinsa a cike, to ka shigo gidan aya. Leƙa tsiron daga sama, za ka ga ganyen ya rabu hanya uku.

Daga nan sai ka raba su. Jiji, Cyperus rotundus, kansa ja-ja ne mai duhu, ƴaƴansa na ƙasa baƙaƙe ne, a jere kamar carbi a jikin wata saiwa mai tauri, kuma da ɗaci. Aya kanta ruwan zinare ne, ganyenta ya fi haske, kowace ƙwaya tana ƙarshen saiwarta ita kaɗai, ga zaƙi. Kajiji shi ne ɗan tawayen gidan: karansa zagaye ne, dogo, kusan babu ganye, in ka ja yatsa a jikinsa za ka ji tsani-tsani a ciki. Ƙamshin saiwarsa zai raba maka gardama, kowace mace mai haɗa turaren wuta ta san shi. Gemun kwaɗo kuwa suna ne da ake ba ƙananan ire-iren nan masu siririn ganye da ke fitowa a wurin da ruwa ya kwanta.

Kada ka raina wannan mataki. Ƙwaron da aka kama a iska, ba a san abincinsa ba, rabin labarinsa ya ɓace. Wanda aka rena daga karan jiji kuwa ya zo da shaidarsa.

Mataki na biyu: kayan aiki

Ba sai ka je Yamai ba. Reza sabuwa, kwalaben mayonez ko na tumatir da aka wanke suka bushe, robar ɗauri, fensir, kaye, ƴan ledoji, da madubin ƙara girma, mai ninki 10 in ka samu. Sai ƙyalle shara-shara, irin na tsohon mayafi. Kada ka yi amfani da yankin gidan sauro, na yi na gani: ramukansa sun yi wa waɗannan halittu faɗi, da safe za ka tarar da kwalba wayam. Fensir na ce, ba bik ba, domin tawada tana narkewa in damshi ya taɓa takarda.

Mataki na uku: wuri da lokaci

Jiji yana nan duk shekara a wurin da ake ban ruwa, saboda haka garka ce makarantar farko. Gonar aya kuwa sai damina ta zauna, daga tsakiyar Yuli zuwa Satumba, lokacin da ganye ya rufe ƙasa. Bakin Tafkin Madarunfa da ƴan tabkunan da Gulbi ke bari in ya janye, nan ne za ka samu ire-iren dangin da yawa wuri ɗaya. In kana son abin da ya fi kusa da mazaunin ƴar Turan nan, nemi inda inuwar itatuwa ta haɗu da damshi: ƙarƙashin mangwaro a bakin rijiyar garka, ko kwazazzabon da ke riƙe ruwa a gefen daji. Mai sha'awar Dajin Baban Rafi ya fara tuntuɓar ma'aikatan gandun daji da mutanen garuruwan wurin, ya ji halin da hanya take ciki, kuma kada ya tafi shi kaɗai.

Nemi izinin mai gona. Mutum tsugune cikin ayar wani da reza a hannu, ba kowa zai yarda ƙwaro yake nema ba. Sa takalmi rufaffe saboda maciji, kuma kada ka tsoma ƙafa cikin ruwa kwantacce, tsargiya ba ta san kai ɗan bincike ba ne.

Lokaci biyu ne masu kyau a yini: da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, da kuma bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Ranar da ake iska ka zauna gida, ƙananan nan ba sa tashi.

Mataki na huɗu: neman manya

Samu wurin da ciyawar ta yi fure, ka tsuguna, ka yi shiru minti 10. Wannan shi ne abin da ya fi yi wa yara wuya in na fita da su. Minti biyu ba a yi ba za ka ji, "Malam, babu komai a nan." Akwai. Ido ne bai saba ba, yana neman abu mai girman malam-buɗe-littafi, alhali abin da ake nema bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ka daina kallon fili, ka kalli kan ciyawa guda, sannan na kusa da shi. Motsi za ka fara gani kafin siffa.

In ka ga ɗan abu mai ƙyalli yana ɗaga fikafikai yana saukewa, ka yi sa'a babba, dangin Glyphipterix ke yin haka. Ƴan Bactra ba su da wannan ado. Launin busasshiyar ciyawa gare su, da rana suna liƙe a jikin kara, fikafikai a naɗe, sai ka taɓa ciyawar su yi ɗan tsalle su sake ɓuya taku biyu gaba. Sun fi walwala da magariba. Bi da ido inda ta sauka, ka kifa mata kwalba daga sama, domin in sun firgita sama suke yi.

Yaya za ka tabbata faɗa-wuta ce, ba ɗan ƙuda ko ɗan fara ba? Fikafikanta a lulluɓe suke da wata hoda mai laushi da ke manne wa yatsa, ƙahonninta sirara ne kamar zare, bakinta kuma naɗe yake a ƙarƙashin kai kamar gammo. Da madubi duk za ka gani.

Mataki na biyar: neman tsutsa

Nan ne aikin yake. Ka bi layi a hankali kana neman tsiron da ganyen tsakiyarsa ya mutu, na gefe suna raye. Abin da ya faru shi ne, uwar ta jera ƙwai a kan ganye, galibi cikin kwarin da ke bin tsakiyarsa. Ƙwan fale-fale ne, farare, sai da madubi. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ta fara cin cikin ganyen, sannan ta gangara ta shige zuciyar tsiron, inda sabon toho ke fitowa. Ta cinye wurin, ganyen tsakiya ya rasa mahaɗa da saiwa, ya bushe.

Kada ka ja ganyen kamar yadda na yi da farko, sau da yawa tsutsar tana can ƙasa, ka bar ta a baya. Tono tsiron gaba ɗaya da gindinsa. Duba jikin karan ko akwai ɗan rami da gari-gari a bakinsa kamar dussa, wannan kashin tsutsa ne. In ɗanye ne, mai gidan tana ciki. Tsaga guda ɗaya ko biyu kawai don ka ga wace ce, ka fara daga ƙasa, reza ta bi tsawon karan, kada ta ratsa shi. Sauran ka bar su a rufe yadda suke.

Ba duk tsutsar da ke cikin kara ce za ta zama faɗa-wuta ba, kuma raba su ba wuya. Tsutsar faɗa-wuta tana da kai mai tauri, da ƙafafu shida na gaske a gaba, da wasu guntayen ƙafafun nama a ciki da ƙarshen jiki. Ta dangin Bactra in ka taɓa kanta sai ta yi wutsil-wutsil da baya, wani lokaci ta faɗo tana lilo a zarenta. In ka ga fara, lanƙwashe kamar ƙugiya, da kai amma babu ƙafa ko ɗaya, ta ƙwaro mai dogon baki ce, ɗan uwan wanda ke cin hatsi a rumbu. In kuwa babu kai babu ƙafa, gaba a tsuke, ta ƙuda ce. Su ma ka rena su in kana so, amma kowace da kwalbarta.

Bayan kara, sai kai. Wannan shi ne abin da forsterella ta koya mana, kuma shi aka fi mantawa. Yanko kawunan da suka fara nuna, ka shimfiɗa a kan farar takarda, ka duba da madubi. Kana neman ƙwayoyin da aka huda, ko waɗanda aka liƙe da juna da zare, ko gari-garin nan a tsakaninsu. Ko ba ka ga komai ba, ɗebi kamar kai 30 daga wuri ɗaya ka tafi da su. Tsutsar da ke cikin ƙwayar ciyawa ba ta nuna kanta.

Kowace leda ka jefa mata ƴar takarda tun a gonar: rana, wuri, sunan ciyawa. Kada ka ce za ka tuna. Kuma kada leda ta kwana a rana ko cikin akwatin babur, minti kaɗan ya isa ya dafa su.

Mataki na shida: reno

Abu uku ke kashe tsutsa a kwalba a ƙasarmu: zafi, ruɓa, da kiyashi. Duk dabarar reno ta ƙare a kan waɗannan.

Shimfiɗa ƴar takarda mai tsotse ruwa a gindin kwalba. Rage ganyen tsiron, ka bar kara da gindi, tsawon kamar yatsa da rabi. Naɗe gindin da ɗan auduga mai damshi, damshi kawai, ba jiƙewa ba. Tsayar da shi a kwalbar, kada ka haɗa fiye da uku, ka rufe da ƙyalle ka ɗaure da roba. Murfin kwalbar kuwa ajiye shi can. In ka rufe da shi, gumi zai taru, kwana biyu fumfuna ta rufe komai.

Wurin ajiya mafi kyau a gidan Bahaushe shi ne gindin randa: inuwa, sanyi, ga ɗan damshi a iska. Ɗora kwalaben a kan bulo, bulon a cikin faranti mai ruwa, yadda kiyashi ba zai samu gada ba. Ka lura kada ƙyalle ko tsinke ya taɓa bango. Na taɓa asarar kwalba shida a dare ɗaya saboda bakin tsintsiya da aka jingina. Ka kuma sanar da mutanen gida, in ba haka ba za a wanke maka kwalabe a zuba yaji.

Kullum da safe ka duba. In takarda ta jiƙe ko ta yi baƙi, canza ta. In karan ya ruɓe alhali tsutsa ba ta gama ci ba, za ka gan ta ta fito tana yawo. Kawo sabon tsiro mai lafiya na irin ciyawar da ka same ta a ciki, ka ɗan tsaga tsakanin ganyen, ka ɗauke ta da gashin kaza ka ajiye a wurin, da kanta za ta shige. Kada ka kama ta da yatsa, kuma kada ka ba tsutsar jiji ganyen gero don shi ne kusa, yunwa za ta kashe ta a kansa.

In ta ƙoshi sai ta daina fitar da kashi. Ta saƙa ɗan bututun zare a cikin ramin, ta zama wani ɗan dunƙule ruwan ƙasa, ba ci ba tafiya. A nan ne hannu ke ƙaiƙayi, mutum ya ce bari in tsaga in gani ko ta mutu. Bari. A lokacin zafi da damshi, dangin Bactra suna gama zagayensu daga ƙwai zuwa uwa cikin wajen wata guda, saboda haka jiranka ba zai wuce mako biyu zuwa uku ba. Ranar da za ta fito, dunƙulen yana turo kansa rabi waje ta ramin, ya tsage, ta fice ta bar fankon a maƙale. Wannan fanko ka adana shi. In ka saba da ganinsa, ko a gona za ka riƙa gane karan da mai shi ta riga ta tashi.

Kawunan ciyawa renonsu ya fi sauƙi. Ba su son ruwa. Zuba su a kwalba busasshiya, rufe da ƙyalle, sau ɗaya a mako ka yarfa musu ɗigo biyu-uku da yatsa.

Mataki na bakwai: in wani abu dabam ya fito

Wata rana maimakon faɗa-wuta za ka ga ɗan mitsitsin zanzaro mai siririn ƙugu yana zagaya ƙyallen, ko ka tarar da ƴan fararen ƙunshi kamar ƙwayar shinkafa kusa da gawar tsutsar. Renonka bai lalace ba. Uwar zanzaron ce ta riga ka, ta saka ƙwanta a jikin tsutsar tun a gona, ƴaƴanta suka cinye ta. Rubuta shi, ka adana shi, domin ta wata fuskar ya fi faɗa-wutar daraja.

Mu mutanen Maradi wannan ba baƙon abu ba ne. Murzuna, tsutsar da ke bin zangarniyar gero tana zana mata hanya kamar murɗin igiya, ita ma ƴar faɗa-wuta ce, Heliocheilus albipunctella, wadda ɓarnarta ta bayyana sosai a Sahel bayan farin shekarun 1970. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Tarna sun daɗe suna kiwon wani ɗan zanzaro, Habrobracon hebetor, ana kai shi ƙauyuka cikin ƴan buhunan garara tare da tsutsar da yake hayayyafa a kanta, a rataye a gona, ya fito ya bi murzuna. Abin da ka gani a kwalbarka shi ne wannan aikin, ba tare da kowa ya rataya buhu ba.

Haka nan in ka samu ƙwai a kan ganye sun koma baƙi ƙirin, akwai wani zanzaron da ya fi wancan ƙanƙanta, Trichogramma, wanda ke girma a cikin ƙwan faɗa-wutar. Shi ne ya ɓata wa mutanen Hawai lissafi. A 1925 sun ɗauko Bactra venosana daga Filifin suka sake ta don ta kashe musu jiji a gonakin rake. Da farko abin ya yi kamar zai yi, daga baya Trichogramma ya faɗa wa ƙwanta, jiji ya ci gaba da harkarsa. Ko ba zanzaro ma, addu'ar Baba ba za ta karɓu yadda yake so ba: tsutsar tana kashe toho, amma ƙwayar da ke ƙasa tana nan da ranta, sai ta sake turo wani.

Wannan ya shafi manomin aya kai tsaye. Ganin ganyen tsakiya ya bushe a wasu tsirrai bai isa dalilin ɗauko famfon feshi ba. Bi gonar daga kusurwa zuwa kusurwa, ka ƙirga tsiro 100, ka ga nawa abin ya taɓa, bayan mako ka sake. Maganin da ke kashewa ta taɓa jiki ba ya isa ga tsutsar da ke cikin kara, amma yana samun zanzaron da ke yawo a waje. Ka biya kuɗi ka kashe mai gadinka. In ka ga adadin yana hawa da gaske, ɗauki kwalbarka da ƙidayarka ka kai wa malamin gona ko ma'aikatan kare tsirrai, sun fi jin magana in da abu a hannu.

Mataki na takwas: hoto, rubutu, suna

Ƴar faɗa-wutar da ta fito ba ta zama wuri ɗaya. Sa kwalbar a firiji minti biyar, ba wajen ƙanƙara ba, ko ka jingina ta da ledar ƙanƙara in babu wuta. Za ta lafa. Juye ta a hankali kan shafin kaye mai ƙananan murabba'i, waɗanda kowane gefensu milimita 5 ne. Ka samu ma'auni ke nan kyauta. Don kwatance, forsterella in ta naɗe fikafikai kusan murabba'i ɗaya take cikawa. Ɗora madubin a kan idon kyamarar salula, ka tsaya bakin ƙofa inda haske yake ba rana kai tsaye ba, ka ɗauka daga sama, ka ɗauka daga gefe. Kana da kamar minti ɗaya kafin ta farfaɗo.

A kaye ka rubuta ranar da ka ɗauko, wurin, ciyawar, ɓangaren da tsutsar take, ranar da ta daina ci, ranar da ta fito. Hoton ciyawar ma ka ɗauka, da kanta da saiwarta.

Ana iya ɗora hotunan a manhajar iNaturalist, inda masana daga ƙasashe da yawa ke dubawa. Amma kada ka yi fushi in sun tsaya a sunan dangi. Ire-iren Bactra sun yi kama da juna ƙwarai, kuma ko cikin iri ɗaya zane yana bambanta, sai an buɗe ƙarshen cikin an duba al'aurar a ƙarƙashin madubin ɗakin bincike ake yanke hukunci. Saboda haka in ka rena da yawa, saki saura, ka ajiye biyu ko uku. Kwana ɗaya a wajen ƙanƙara ya isa ya kashe su. Sa kowace a ɗan ninkin takarda, cikin gwangwani mai murfi da ƙwayar kafur saboda ƙwari, takardar bayaninta tare da ita. Irin wannan ajiya ce mai amfani ga masu nazarin ƙwari a Tarna ko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo.

Mataki na tara: kwalbar rani

Forsterella sanyi take jira ya wuce, a cikin busasshen kan ciyawa. Murzuna rani take jira ya wuce, a cikin ƙasa, wata da watanni, sai ruwa ya sauka. Ƙwarin Sahel da ke cin ciyawar damina kowanne yana da maɓoyarsa daga Nuwamba zuwa Yuni, kuma kwalba tana iya nuna maka ita.

Sai dai ka riga wuta. A wajenmu in aya ta nuna ganyenta ya bushe, akan ƙone shi, a tono ƙasar, mata su yi ta tankaɗe rairayi suna fitar da ƙwaya. Duk abin da ke kwance cikin kara ko kai ya tafi a wannan gobarar. Saboda haka tun a farkon Oktoba ka yanko dami ɗaya na busassun kara da kawuna daga gonar aya, wani daga jijin gefen gona, wani daga bakin tabki. Kowane dami da tulunsa ko babbar kwalbarsa, da ɗan yashin wurin a gindi kamar kaurin yatsa biyu, a rufe da ƙyalle, a rubuta rana da wuri a jiki. Ajiye su a zaure ko ƙarƙashin rumbu, inda za su ji hunturu su ji bazara kamar suna waje, amma rana ba ta dukansu. Kada ka ba su ruwa. Duba su sau ɗaya a mako, ka ɗaga ƙyallen ka leƙa ƙarƙashinsa, don nan suke liƙewa. Ranar da aka yi ruwan shuka, yayyafa wa kowane tulu kamar cokali biyu, daga nan ka koma dubawa kullum da safe har ƙarshen Yuli.